Majong: wai me ya sa dokokin gasa suka kusa fin wasan kansa yawa?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na samu kundin dokokin gasar majong, wasan ƙwayoyin nan na Chaina da mutum huɗu ke bugawa, irin wanda ake bi a gasar duniya, na zauna na karanta. Ban da lissafin maki, akwai shafuka guda a kan yadda za ka ajiye ƙwayar da ka yar, da kalmomin da aka yarda ka furta, da daƙiƙa nawa gare ka kafin ka ce kana son ƙwaya, har da hukuncin wanda hannunsa ya ture katanga, wato jerin ƙwayoyin da aka kife ake jawowa daga ciki. Mu nan Guangzhou in an rufe shaguna mukan buga da maƙwabta, babu alƙali babu littafi, kuma ba a taɓa dambe ba. To wannan tsirfar ta mece ce? Ni a ganina an ɗauki wasan hira an mayar da shi jarrabawa.

Auta: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a waya nake bugawa, a Mahjong Soul, ban taɓa cin karo da wata doka ba. Dannawa kawai kake yi.

Injiniyan Osaka: Auta, ba ka ci karo da ita ba ne don manhajar ba za ta ma bar ka ka karya ta ba. Ita ke raba ƙwayoyi, ita ke jera abin da ka yar, ita ke hana ka cewa ka ci alhali ba ka ci ba. Ranar da aka zaunar da kai gaban tebur na gaske, duk wannan aikin hannunka ne zai yi shi.

Ummu Hanan: Alhaji barka da dare. Kafin a kai ga ajiye ƙwaya, wane majong ɗin kuke bugawa? Don wanda kuke yi a Guangzhou ba shi ake yi a nan Chengdu ba. Mutanen Sichuan ƙwaya 108 kawai suke amfani da ita. Sun cire na gabas da kudu da yamma da arewa, sun cire ja da kore da fara, sun cire furanni. Ba a yin chow, wato ba ka ɗaukar abin da na hagunka ya yar don ka cike jeri. Tun farkon hannu dole ka zaɓi dangi ɗaya cikin uku, gora ko ɗigo ko rubutu, ka rabu da shi. In mutum ɗaya ya ci kuma ba a tashi ba, sauran za su ci gaba har sai uku sun ci ko katanga ta ƙare. Je ka Taiwan, ƙwaya 16 suke riƙewa a hannu maimakon 13. A Hong Kong wurare da yawa ba a yarda ka ci sai hannunka ya kai fan 3, wato ma'aunin makinsu. Japan 136 ne, babu furanni. Amurka 152, har da joka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ka ɗauko mutum ɗaya daga kowace ka zaunar a tebur ɗaya ka ce a fara, mu gani.

Abban Sadiq: Hajiya, wannan na yarda, a daidaita ƙwayoyi da lissafi. Ni ba a nan ƙorafina yake ba. Ina ruwan wani da inda na ajiye ƙwayata?

Baba Mai Goro: Ku yi mini afuwa, yara. Wannan abu ba shi ne cacar 'yan Chaina da muke gani a finafinai ba? Kada a mayar mana da zaure makarantar caca.

Ɗan Damagaram: Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma a cikin amsarta ma asalin kundin da Alhaji ya karanta yake. Gaskiya ne mutane da yawa a can da kuɗi suke bugawa. Shi ya sa bayan 1949 gwamnatin kwaminisanci ta sa wa wasan ido, a zamanin juyin al'adu kuwa sai a ɓoye. A 1998 ne hukumar wasanni ta ƙasar ta fitar da dokokin gasa, da nufin a raba wasan da caca a sa shi sahun wasannin ƙwaƙwalwa. Aka tsamo salo 81 na hannu, mafi ƙanƙanta maki 1, mafi girma 88, aka ce ba ka ci sai hannunka ya kai maki 8. Babu kuɗi a tebur. A Japan ma akwai masu irin wannan tafiya, takensu abu uku ne: ba caca, ba giya, ba sigari, kuma dattawa ne suka fi cika wurarensu. Gasannin da nake zuwa a nan Faransa, abin da ake ci kofi ne da matsayi a jerin 'yan wasan Turai. Hukuncin addini kuma na malamai ne, ba hurumina ba.

Baba Mai Goro: To, in dai babu kuɗi a tsakani ku ci gaba, ina saurare. Amma kada sallah ta wuce ku a kan tebur.

Injiniyan Osaka: Alhaji, bari in amsa maka maganar ajiye ƙwaya da wasan da ake yi a nan, riichi. Duk abin da ka yar, a gabanka kake jera shi, shida-shida a layi, daga hagu zuwa dama. Ba ado ba ne. Akwai doka mai suna furiten: a ce kana riƙe da 4 da 5 na gora, kana jiran 3 ko 6. In tun can baya ka taɓa yar da 3 ɗin, to ba ka da ikon ci da abin da wani ya yar, ko da 6 ce ta faɗo. Sai dai ka jawo da hannunka daga katanga. Duk tsaron da ake yi a wasan a kan wannan doka ya tsayu. In ka ce riichi, wato ka sanar saura ƙwaya ɗaya ka ci, ka ajiye sandar maki 1,000, ka kwantar da ƙwayar da ka yar a gicciye, ni sai in leƙa layinka. Duk abin da na gani a can na san ba za ka kama ni da shi ba, duk abin da aka yar bayan ta gicciyen nan ba ka ce komai ba shi ma na samu mafaka. Yanzu a ce ka watsa naka a tsakiya sun gauraya da na kowa, kamar yadda ake yi a teburin hira. Ka rufe mini ido, kuma babu mai iya tabbatar da ko kana furiten ko ba ka ciki.

Haka ƙwayar da ka karɓa da pon, wato ka ɗauki abin da wani ya yar ka cike uku iri ɗaya, ana juya ta ta fuskanci wanda ka karɓa daga wurinsa. In mutum ya baje ja uku da kore uku a fili, wani ya rufe ido ya jefa masa fara ya cike, to mai jefawar ne zai ɗauki nauyin biyan wannan babban hannu, ko duka ko rabi. In ba a juya ƙwayar ba, bayan zagaye biyar wa zai yarda shi ya jefa?

Abban Sadiq: Wannan Japan ne. Kundin da na karanta na Chaina ne, babu furiten a ciki, amma su ma sun ce a jera shida-shida.

Ɗan Damagaram: Su ma suna da dalili, Alhaji. Akwai maki 4 da ake ba wanda ya ci da ƙwaya ta huɗu bayan 'yan uwanta uku sun riga sun bayyana a tebur. Sai an ga ukun a fili. Sannan in aka zo ana musun wani ya jawo sau biyu ko an tsallake shi, alƙali ba ya tambayar kowa, layuka yake ƙirgawa da hannaye. Wanda aka samu da ƙwaya 12 ko 14 a lokacin da ya kamata ya riƙe 13, hannunsa ya mutu: zai ci gaba da jawowa da yarwa, amma ba ya ci.

Ummu Hanan: Ni abin da nake ganin Alhaji bai saka a lissafi ba shi ne mutum huɗu ne a tebur. A wasan mutum biyu, in na yi ganganci ni na cutu, abokin karawata ya amfana, magana ta ƙare. Majong babu faɗan da babu ruwanka. In gwiwar hannun Auta ta ture katanga ƙwayoyi uku suka buɗe, wanda ke zaune ta wannan ɓangaren ya gani, na can bai gani ba. Auta ne ya yi laifin, amma wanda bai taɓa komai ba shi ya kwana a ciki. In Alhaji ya ce wa maƙwabcinsa "haba, mayar da ita ka yar da wata," kirki ya yi masa, amma da aljihun sauran biyun ya yi kirkin. A teburinku na bayan shago wannan ba komai ba ne, gobe ma ku ne, yau an yafe maka gobe ka yafe. A gasa kuwa tebur talatin ne ko fiye, baƙin juna, kuma a ƙarshe duk makin a allo ɗaya za a zuba shi. In tebur na 3 ana yafiya, tebur na 19 ba a yi, to allon nan me yake aunawa?

Auta: Kamar Whot kenan, Anti. A majalisarmu in an ce ka ɗauki biyu kana iya karewa da taka 2, a majalisar bayan layi ba a yi. Ranar da muka haɗu da su rabin dare a gardama ya tafi.

Ummu Hanan: Ka gane, ƙanena.

Ɗan Damagaram: Bari in ba ku wani abu da ya faru a teburin da nake zaune, a wata ƙaramar gasa a wani gari nan kusa. Wani bawan Allah, da ganinsa ya iya wasa, yana haɗa jeri uku masu hawa ɗaya-ɗaya a dangi uku: 3-4-5 na gora, 4-5-6 na ɗigo, 5-6-7 na rubutu. Wannan maki 6 ne. Ya miƙa hannu katanga, ya shafa ƙwayar da babban yatsa, fuskarsa ta washe. Sai ya cusa ta cikin hannunsa tsakanin 'yan uwanta, ya gyara layin da tafin hannu biyu, sannan ya ce hu, wato ya ci, ya kwantar. Aka zo ƙirga: 6 na jerin, 1 na jawowa da kansa, 7 kenan. Ya ce da 1 na jiran tsakiya, don 5 ta ɗigo yake jira tsakanin 4 da 6. Wata dattijuwa da ke gabansa ko kallonsa ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗaga. Alƙali ya zo, ya dubi hannun, ya tambaye shi ina ƙwayar da ya ci da ita. Ya nuna ta a tsakiyar layi. Alƙali ya ce ba za a ƙirga makin jira ba. Hannu ya tsaya a 7, bai kai 8 ba. Ya biya kowannenmu maki 10, hannunsa ya mutu, aka ci gaba da wasa ƙwayoyinsa a buɗe kowa na kallo.

Abban Sadiq: Ka ji irin abin da nake faɗa! Mutum ya ci, kowa ya ga ya ci, an ƙwace masa don ya ajiye ƙwaya a nan bai ajiye a can ba. Wannan ai zalunci ne.

Ɗan Damagaram: Wa ya gani, Alhaji? Ni dai ban gani ba, bayan ƙwayoyinsa nake kallo. A ce 4 da 5 yake riƙe da su ya jawo 6. Hannun da zai kwantar shi ne dai wannan, babu bambancin ko ƙwaya ɗaya. Amma a nan jiran baki biyu ne, 3 ko 6, babu makin jira, 7 gare shi, bai isa ci ba. Abu ɗaya tak ke raba halin biyu, shi ne wace ƙwaya ce ta zo ƙarshe, kuma shi da kansa ya shafe shaidar. Ni a zuciyata na yarda gaskiya ya faɗa. Amma in alƙali ya karɓi "wallahi ita ce" daga gare shi, dole ya karɓa daga kowa, har da wanda ya san 7 gare shi ya cusa ƙwayar da gangan.

Anti ta New York: Ina biye da ku tun ɗazu. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, matan nan kusan kullum suna kan tebur, kuma in kuna neman masu tsaurin doka ku zo ku ga kakanni. Nasu da kati ake yi. Wata ƙungiya da aka kafa a nan New York a 1937 ke fitar da shi, duk shekara sabo, hannun da ba ya kan katin bana ba hannu ba ne. Abin da ya kawo ƙungiyar ma rikicin doka ne. Wani Ba'amurke, Joseph Babcock, ya fitar da ɗan littafin dokoki a 1920, wasan ya kama Amurka kamar wutar daji, kowa ya shiga ƙirƙiro nasa har aka rasa na bi. A wurinsu duk ƙwayar da ka yar sai ka faɗi sunanta, kuma da zarar na gaba ya jawo ya ɗora tasa a kan katakonsa, ƙofar karɓar waccan ta rufe. Na ga wata 'yar shekara tamanin da wani abu ta hana aminiyarta ƙwaya a kan wannan, daga baya suka sha shayi tare.

Injiniyan Osaka: Madalla da kakanni. Amma Malam na Damagaram, akwai abin da ban so ba a labarinka: biyan maki 10 ga mutanen tebur. A nan ma a wasan gida haka ake yi da babban laifi, wanda ake kira chombo. Mai laifi ya biya 8,000, mai gabas, wato mai fara hannun, ya karɓi 4,000, sauran 2,000 kowanne. Gasanni da yawa sun bar wannan. A M.League, gasar ƙwararru da aka fara a 2018 da ƙungiyoyi 7 ake nunawa a Abema, maki 20 ake cire wa mai laifin daga jimillarsa, babu wanda ake ba ko ɗaya, a sake hannun. Dalilin a fili yake. Me kuka yi da kuka cancanci maki 10? Sa'a ce kawai ta zaunar da ku da mai garaje. Wanda kuke takara da shi a wani tebur bai samu wannan kyauta ba. Kuma ƙofa ce ga wanda ya riga ya fitar da rai ya yi laifi da gangan don ya ɗaga abokinsa.

Ɗan Damagaram: Injiniya, ka duba yadda muke lissafi tukuna. Mu abin da ake fara dubawa makin tebur ne: na ɗaya 4, na biyu 2, na uku 1, na huɗu babu. Ƙananan makin sai an yi kunnen doki ake waiwayarsu. Tun da mu uku duk 10 muka karɓa, tsakaninmu babu wanda ya tsallake wani, mai laifin ne kawai ya zurma da tazarar 40.

Injiniyan Osaka: Kunnen dokin fa ba ya wuya a gasar da ake rabon 4, 2, 1. Mutane nawa ke ƙarewa da makin tebur iri ɗaya? A nan 10 ɗin nan za ta yi aiki.

Ɗan Damagaram: Za ta yi, ban musa ba. Sai dai mu ba a sake hannun, ana ci gaba, kuma ya riga ya canza mana wasa da buɗe ƙwayoyinsa. Ni ina ɗaukar 10 ɗin a matsayin diyya. Kai kana ɗaukarta kyauta. Mu bar shi a nan.

Auta: Ni tambayata, da gaske ba a hira a tebur? Awa biyu mutum ya yi gum?

Ɗan Damagaram: Ana gaisawa kafin a fara, ana ɗan taɓa magana lokacin wanke ƙwayoyi. Amma hannu na tafiya, kalmomin kira kaɗai ne: chow, pung (shi ne pon na Japan), kong (na huɗu iri ɗaya), hu, sai ta fure. Ka yi tunanin ni da kai a tebur ɗaya da Bajamushe da ɗan Italiya, in yi tsaki in ce "kai, goran nan ta ƙi zuwa." Su a ganinsu ƙunƙuni nake, kai kuwa ka ji saƙo. Shi ya sa masu shirya gasa ke ƙoƙarin kada 'yan ƙasa ɗaya ko ƙungiya ɗaya su haɗu a tebur, waya kuma a kashe take. 'Yan kallo ma ba a barinsu su tsaya a bayan mutum suna zaro ido.

Lokaci shi ma haka. Zama ɗaya hannu 16 ne ko awa biyu, duk wanda ya riga. To wanda ke kan gaba, saura minti goma a buga ƙararrawa, me zai hana shi ya riƙa juya ƙwaya a hannu yana kallon silin? Don haka aka ce daƙiƙa 10 gare ka ka yar. Pung kuma cikin daƙiƙa 3, don pung na gaba da chow, hu kuma na gaba da su duka. In babu iyaka, sai mai wayo ya jira na gaba ya ce chow ya buɗe ƙwayoyinsa biyu, ya gama gani, sannan ya ce pung.

Abban Sadiq: To in mutum biyu suka ce hu a kan ƙwaya ɗaya fa? Mu nan ya danganta da gidan wa ake bugawa.

Injiniyan Osaka: A gasa ma ya danganta da kundin wa ake bi. A dokar Chaina mutum ɗaya ke ci, wanda ya fi kusa da mai yarwa a bin layi. Gasar riichi ta duniya, wadda aka fara a Puteaux kusa da Paris a 2014, aka yi a Las Vegas a 2017 da Vienna a 2022, ita ma mutum ɗaya. Amma kundin riichi na ƙungiyar Turai ya yarda duka biyun su ci, mai yarwa ya biya kowa. Su Turawan ma a 2016 sun gyara nasu, suka cire jajayen biyar masu ƙara maki, suka halatta cin hannun 2 zuwa 8 a buɗe, wanda a da ba su yarda ba. A nan Japan, wata tsohuwar ƙungiyar ƙwararru a babbar gasarta ba ta ƙirga ippatsu da ura dora, wato garaɓasar maki iri biyu da mai riichi kan samu, don a rage rabon sa'a. M.League kuwa ta bar su, ta ƙara da jajayen biyar, don masu kallo suna son manyan hannaye.

Abban Sadiq: Ka ga kun dawo kan maganata. Ashe babu wata doka da ta sauko daga sama, kowa ra'ayinsa ya rubuta.

Ummu Hanan: Babu wanda ya ce daga sama ta sauko, Alhaji. Mutum ɗaya ya ci ko biyu su ci, duka ana iya wasa da su. Amma yadda zan buga ya danganta da wacce ake bi. In na san biyu za su iya kama ni lokaci ɗaya, ƙwayar da zan jefa tsakanin mutum biyu masu jira daban take. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a yanke bayan ƙwayar ta faɗi, kowa ya riga ya san wane hukunci ne zai yi masa daɗi. A lokacin ba doka ake nema ba, wanda ya fi murya ake nema.

Kuma kada a raina sabo da kundi. A gasar Turai da aka yi a Strasbourg a 2014, ɗan Japan ne ya ɗauki kofi, wanda ya fi kowa cikin 'yan Chaina ya zo na 30. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a kafafen ƙasar, wai yaya za a doke mu a wasanmu. Ni ban ga abin mamaki ba. Mutanen da nake gani a gidajen shayi na Chengdu sun fi ƙarfin a koya musu majong, amma na Sichuan suke bugawa. Bafaranshen da bai san wani majong ba sai na salo 81, shi kullum a cikin kundin yake kwana. Tun gasar duniya ta Tokyo a 2002 ma 'yar Japan ce, Mai Hatsune, ta lashe.

Abban Sadiq: Duk na ji. Inda har yanzu ban sauka ba shi ne sabon shiga. Mutum ya biya kuɗin mota da masauki, hannunsa na rawa, ya ture ƙwaya biyu, a hau shi da hukunci. Gobe ba zai dawo ba. Wasan da ke neman jama'a bai kamata ya riƙa korarsu ba.

Ɗan Damagaram: Nan kam kana da gaskiya, kuma kundin ma hawa-hawa ya yi abin. Ƙananan laifuffuka gargaɗi ake fara yi, sai an maimaita ake cire maki, yana ƙaruwa. Alƙalin kirki kafin a fara yakan tambayi su wa ne sababbi, ya nuna musu yadda ake ajiye ƙwayar ci a gefe. Inda matsala take shi ne 'yan wasan da ke mayar da doka makami, su ga sabon shiga zai yi kuskure su yi shiru har ya afka, sannan su ɗaga hannu. Akwai su, kuma an san su.

Injiniyan Osaka: Amma sassaucin daga alƙali ya kamata ya fito, ba daga tebur ba. In mutanen tebur suka yafe, mun koma maganar Hajiya: wannan tebur ya yafe, wancan bai yafe ba.

Baba Mai Goro: Ni da na ce saurare kawai zan yi, ga shi har na fara jin haushin mai cusa ƙwaya.

Auta: To duk da wannan tsauri, ai sa'a na nan. Wani katanga ta ba shi, wani ta hana shi.

Ɗan Damagaram: Tana nan, shi ya sa ake zama da yawa ana sauya abokan tebur. Akwai kuma masu son su rage ta ƙwarai. Wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da aka kafa a 2015, wadda ta shigar da majong cikin ƙungiyar wasannin ƙwaƙwalwa ta duniya a 2017, tana tura wani tsari da aka aro daga wasan bridge. Ana shirya katanga iri ɗaya a duk tebura, sai a gwada mai gabas na wannan tebur da masu gabas na sauran, ba da mutanen teburinsa ba. A irin wannan kam, wanda ya ɗaga murya ya faɗi abin da ya jawo ba teburinsa kaɗai ya ɓata ba, duk ɗakin ne.

Injiniyan Osaka: Ni wannan tsarin bai gamsar da ni ba. Pung ɗaya aka yi a tebur na 1 ba a yi a na 2 ba, layin jawowa ya goce, daga nan ba wasa ɗaya ake yi ba.

Ɗan Damagaram: Sun hango wannan. Kowa daga katangarsa yake jawowa, ba daga ta gayya ba, don haka ko an tsallake ka, ƙwayarka ta gaba tana nan tana jiranka.

Injiniyan Osaka: Ƙwayata tana nan, amma abin da ukun nan za su yar mini ya canza, kuma sau nawa zan kai ga jawowa kafin wani ya ci shi ma ya canza. Mai gabas da aka haɗa da gwanaye uku da wanda aka haɗa da irin su Auta ba jarrabawa ɗaya suka zauna ba.

Auta: Yaya, ni me na yi kuma?